Robar Malam Habu

Kwanan baya wasu samari biyu suka shigo shagona da ordinater, wato kwamfuta, a jaka, wai in duba musu aplikasiyon ɗin da suka haɗa cikin kwana uku. Ban ce su zauna ba. Wanda ya kawo maka aikinsa ka duba, ko yabo yake nema, ko so yake ya leƙa yadda kake naka ya tafi da shi. Mai gilashin cikinsu ya buɗe, ya ja buton, maɓallin da ake dannawa, ya ajiye a tsakiyar ekran, fuskar na'urar, ya ja hoto ya ajiye a sama, ya ce, "Ka gani, Baba Haro? Yanzu an daina wahalar rubuta kod. Ja kawai kake ka ajiye."

Ɗayan kuwa idonsa na kan ƙusar da ke saman teburina, inda wata baƙar roba take rataye, yankin tib ɗin babur mai faɗin yatsa biyu. Ya ce, "Wannan fa, laya ce?" Suka yi dariya.

Na ce, "Duk kayan aikin shagon nan babu kamarta. Ku ja mini ƙofa in kun fita."

Baki ba ya yi mini bayani da kyau, shi ya sa na zauna na rubuta. Ko sun karanta ko ba su karanta ba, wannan su ta shafa.

Ni ban yi lakol mai zurfi ba. A katriyam na tsaya, shekara ta uku a sakandare. Ubana magini ne a Birni, kuma abin da na gada a wurinsa bai wuce igiyar awo da rashin yarda da bangon da ban taɓa da hannuna ba. Na yi shekaru ina gyaran salula a bakin kasuwa kafin in faɗa hannun Maigida Ilya, wani mai siber, shagon shiga intanet, da ya dawo daga Yamai da iya rubuta aplikasiyon. Kada ku ɗauka don Allah ya koya mini. Aiki ne ya yi masa yawa, yana neman wanda zai yi ya sa sunansa a kai. Na sani tun ranar farko, shi ma ya san na sani.

Ordinater ɗaya ce a shagon da za ta iya wannan aikin, kuma ba ya bari in taɓa ta sai ya tafi masallaci. Sai ya sayo mini kaye, littafin rubutu mai gida-gida irin na lissafin 'yan lakol. Ya ce in zana ekran a kai, in ƙirga gidaje, in rubuta da alƙalami duk umarnin da zan ba na'ura kafin in zauna gabanta. Idan ya dawo ya ga buton ya karkace, ba ya nuna mini inda na ɓata. Cewa yake, "Haro, ubanka haka yake kafa ƙofa?" ya wuce.

Ga abin da kuke cewa an daina. In za ka kafa buton da kod, haihuwarsa kake yi. Ka kira shi, ka raɗa masa suna, ka ba shi tsawo da faɗi, ka rubuta abin da zai faɗa a goshinsa, ka gaya masa abin da zai yi in an taɓa shi. Duk ka yi wannan, in ka manta ka shigar da shi cikin uwar da za ta ɗauke shi, yana nan a cikin na'ura amma ba mai ganinsa. Na taɓa yin wuni guda ina zagin ordinater a kan layi ɗaya da ban rubuta ba. Awo kuma daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, lamba tana ƙaruwa kana gangarowa ƙasa, ba kamar gini ba da ake farawa daga tushe. Wata uku hannuna yana gardama da wannan.

Aikin farko da Maigida Ilya ya sake mini na wani mai sayar da kayan babur ne, yana son jerin kayansa a salula. Na kafa kowane buton da lamba: daga hagu kaza, daga sama kaza. A salulata ya fito tsaf. Mutumin ya buɗe a tasa, 'yar ƙarama mai fasasshen gilashi, sai rabin buton ɗin ya fita waje, ɗayan ya hau kan rubutu. Ya tsaya a ƙofar siber yana ɗaga ta sama kowa ya gani. A ranar na koyi cewa ba a kafa buton da ƙusa, ɗaure shi ake. Ka ce masa gefenka na hagu yana riƙe da bangon hagu, na dama da bangon dama, ƙasanka ya bar tazara kaza daga wanda ke ƙarƙashinka. In ekran ya yi faɗi ya miƙe, in ya tsuke ya tsuke. Sannan ka tuna allon rubutu zai taso daga ƙasa ya rufe rabin wurin. Ka tuna abin da Faransanci ya faɗa da kalma ɗaya Hausa za ta iya neman uku. Ka tuna wani fili marar launi da ka shimfiɗa a sama zai iya haɗiye taɓawar mutum, buton yana kallonsa ba ya ji. Mai jan buton ya ajiye duk wannan na'ura ce take yanke masa, bai ma san an yanke ba.

Har na bar Maigida Ilya na buɗe nawa a hanyar Kara-Kara ina ganin na gama sanin sana'ar. Sai shekarar murzuna.

Wani proje ne na noma, ba zan faɗi sunansa ba. Shef ɗinsu na Damagaram, Mushe Kadri, ya kira ni biro, wato ofishinsu. Na san dalili: anjeniyoyin Yamai masu diplom sun yi musu tsada. Aikin shi ne a raba salula ga mutum ɗaya a kowane ƙauye, ya riƙa zagaya gonaki da damina, in ya ga murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi, ya cika rapor, wato rahoto, ya aiko, su kuma su tura masu magani. Rapor ɗin hotuna ne, saboda yawancinsu ba su karanta boko. A ƙasa buton biyu, ɗaya kan ɗaya: na sama Ajiye, don inda babu rezo, inda salula ba ta kama layi, na ƙasa Aika. Zanen daga Yamai ya zo, duka biyun kore. Na ce a bambanta launi. Mushe Kadri ya ce kore ne launin masu ba da tallafi. Sau ɗaya na faɗa, ban sake ba.

Akwai kuskuren da ba daga Yamai ya zo ba, nawa ne. In an taɓa Ajiye, alamar daidai tana fitowa a tsakiyar ekran. In an taɓa Aika, ita ce dai take fitowa. Na rubuta ta sau ɗaya na kira ta sau biyu, don ragwanci.

Da sanyi aka tara mutanen a Damagaram aka yi musu formasiyon, horon aikin. Ni na tsaya gabansu na ce, "In kuna da rezo, ku danna koren ƙasa. Na ƙasa. Ku maimaita." Suka maimaita kamar 'yan aji ɗaya. A cikinsu akwai wani dattijo daga wani ƙauye a karkarar Dakusa, Malam Habu, dogo, marar magana. Shi ke riƙe da mabuɗin rumbun tsimi na garinsu, shi ya sa maigari ya turo shi. Ya sa na nuna masa sau uku. Na ce a raina wannan zai ba mu wahala.

Sanyi ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka, hatsi ya fid da kai. Rapor ya riƙa shigowa daga ko'ina, daga wajen Malam Habu shiru. Shiru kuwa a wurin proje yana nufin lafiya. Masu magani suka bi ta gefen garin suka wuce.

Murzuna ta cinye gabashin garin. Gonakin gabas na gidan wani Alhaji Tanko ne. Gonar Malam Habu tana yamma, ba abin da ya same ta. Kuma kowa a garin ya san su biyun sun daɗe suna rigimar iyaka. Ba sai na gaya muku abin da aka ce ba: wai da gangan ya ƙi aikawa. Maigari ya karɓe mabuɗin rumbu, ya aiko da ƙara biro, aka tura mota ta karɓo salular.

Mushe Kadri ya dire mini ita a tebur ya ce, "Duba mini. Ko aplikasiyon ɗinka ne, ko mutumin ne."

Yadda ya ce "ɗinka" na gane inda yake son kayan su faɗi in ba a samu wani ba.

Salular ta zo da ɗamara. Zafin bazara ya kumbura bateri, murfin baya ya ɗage, an ɗaure ta da robar tib. Na ga irinta ba adadi a bakin kasuwa. Hannun mai gyara kuwa, in ka miƙa masa salula, abin da yake fara yi shi ne ya zare roba ya jefar, ya tallafe murfin da yatsa. Ban ma san na yi ba. Na buɗe. Rapor suna nan a jere, mako bayan mako, kowanne da ranarsa, da hoton zangarniya duk ramuka. Duk an ajiye, ko ɗaya ba a aika ba. Na danna Aika, suka tafi nan take.

Na ce, "Shef, aplikasiyon lafiya lau. Kuma wannan ba rago ba ne. Ya je gona, ya gani, ya cika. Aikawa ce bai yi ba."

"Ka rubuta haka."

Na rubuta, na sa hannu. Aka buga kashe, hatimin proje, aka kai wa maigari. Na koma shago ina jin na tsira.

An yi girbi lokacin da Malam Habu ya zo. Da hantsi, ina cin ƙosai, na ga doguwar inuwa a ƙofa. Ya yi sallama, ya cire takalmi duk da ba tabarma a shagon. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ya zo da wuƙa. Na biyu, ya zo in canja magana ya ba ni wani abu. Na gyara zama kusa da guduma.

"Malam Haro, ka gane ni?"

"Na gane ka, Malam. In maganar takarda ce, biro za ka."

"Na je. Sun ce kai ne mai sani." Ya tsuguna. "Ba faɗa ya kawo ni ba. An ce akwai abin da ban danna ba. Ni kuwa kowace Laraba sai na hau tudun bayan gari inda take kama rezo, na danna koren ƙasa, ta nuna mini alamar. So nake ka nuna mini abin nan da idona. In na gani, in koma in roƙi Tanko gafara."

"Sau uku na nuna maka."

"To ka cika na huɗu."

Salular tana cikin kwalina, an ba ni in goge ta a miƙa wa wani. Na ɗauko don in rabu da shi. Ina miƙa masa murfin ya faɗi, bateri ya zame. Ya ɗauka ya mayar, ya sa hannu a aljihu ya fito da wata robar, ya naɗa ta sau biyu. A bayan murfin akwai farin layi inda tsohuwar ta zauna wata da watanni, sabuwar ta faɗa cikinsa daidai, yatsa biyu daga ƙasa. Ya kunna, ya miƙo mini.

"Bismilla."

Na buɗe rapor. Buton ɗaya na gani. Kore, a ƙasa, yana zaune a kan bakin robar kamar don shi aka yi wurin. Ajiye. Aika yana ƙarƙashin roba, ko gefensa bai leƙo ba. Ni na ɗaure shi a nan da hannuna, da tazarar da na ƙirga a kaye. Na danna kan robar da ƙarfi, ko motsi.

Malam Habu ya leƙo ya sa yatsa a kan Ajiye. Alamar daidai ta fito.

"Ka gani? Haka take yi mini. Ina wanda ban danna ba?"

Na ɗaga robar da farce. Ya daɗe yana kallon abin da ke ƙarƙashi. Sannan ya ce, "Da ka gwada ta, da ɗamararta ka gwada?"

"A'a."

"Tsirara ka gwada ta."

"Tsirara."

Ya miƙe ya sa takalmi. "Ni dai da ɗamara na ba su."

Da yamma na tafi biro da salular a ɗaure. Mushe Kadri ya kalla, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya gani?"

"Ni da shi."

"To madalla. Ka gyara, mu fitar da sabo."

"Takarda fa, Shef? Wadda aka kai wa maigari?"

"Haro, ka san in na rubuta wata, Yamai za ta gani? In Yamai ta gani, masu tallafi za su gani. Ƙauyuka nawa za su rasa magani baɗi saboda tsoho ɗaya da robarsa? Wa ya ce ya ɗaure kayan proje da tib?"

"Da me zai ɗaure, da karabat ɗin wuya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sa hannunka ne a takardar, ba nawa ba. Ka yi tunani." Wataƙila da gaske ƙauyukan yake ji. Ni dai kujerarsa na gani.

Gyaran na yi shi cikin mako guda, kuma shi ne aikin da ya fi kowanne kyau da na taɓa yi. Na bincika na tarar akwai wasu mutum biyu da suka yi shiru duk damina, su ma da roba a ƙasa, sai dai tsutsa ba ta je garuruwansu ba, ba wanda ya tambaya. Wasu a tsakiya suke ɗaurewa, wasu a sama, wani ma biyu. Babu wuri ɗaya da za ka ajiye buton ka ce ya tsira. Sai na daina yanke masa wuri. In an buɗe aplikasiyon, ekran yana cika da layuka daga sama har ƙasa, murya ta ce da Hausa a shafa yatsa a kansu. Duk layin da bai ji yatsa ba, ko roba ce ko fasasshen gilashi, kod ya ɗauke shi matacce. Sai a lokacin ake haifar butonni, a lissafa wurin da ya rage, a ɗaure su a can. Ajiye na mai da shi ruwan ƙasa da hoton rumbu, Aika ja da hoton tsuntsu, ko masu tallafi su so ko su ƙi. In rapor ya kwana bai tafi ba, salula ta yi ta ƙara. Ku da kuke ja ku ajiye, ku ja mini wannan in gani.

Na miƙa gyaran ranar Alhamis. Ranar Juma'a na hau babur na tafi ƙauyen da tsohuwar salular, ban goge ta ba, ban gaya wa biro ba.

Bayan an sauko daga masallaci aka zauna ƙofar maigari. Malam Habu yana can ƙarshen tabarma, an bar fili tsakaninsa da na kusa da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne na rubuta takardar da aka kawo maka, kuma ba daidai ba ce." Na yi bayani, ban ga fuskar da ta motsa ba. Sai na miƙa wa Alhaji Tanko salular, wani kakkauran mutum da sanda a cinya.

"Alhaji, danna koren ƙasa."

Ya juya ta a hannu kamar za ta cije shi. Ya danna. Alamar ta fito.

"Ya tafi?" na ce.

"Ga shi ta nuna."

"Bai tafi ba. Ɗaga robar."

Ya ɗaga. Mutane suka taso suka rufe shi. Ya saki, ya sake ɗagawa, ya saki. Sannan ya dube ni.

"Kai ɗan birni, me ya ba ka? Akuya ko buhun gyaɗa?"

"Ko ruwa ban sha a gidansa ba."

"Jiya da kashe kuka ce shi ne. Yau da baki ka ce ba shi ba ne. Gobe fa?"

Ban ga laifinsa ba, da ni ne abin da zan tambaya ke nan. Maigari ya ce, "Gaskiyar Alhaji. Takarda ce ta shigo da maganar, takarda za ta fitar da ita."

Kashen proje ba ya hannuna. Na yago shafi daga kayena mai gida-gida, na rubuta a kan gwiwa cewa ni Haro ni na kafa buton inda roba take rufewa, ni na sa alama ɗaya ga abu biyu, ni na zare robar kafin in gwada, kuma Malam Habu ya yi aikinsa kowace Laraba. Na buga kashen shagona, wanda nake bugawa a takardar gyaran salula. Na karanta da ƙarfi. Na san kafin Litinin labarin zai isa biro.

Maigari ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fito da mabuɗin rumbu ya ajiye a tsakiyar tabarma. Bai miƙa wa kowa ba. Wata akuya ta zo tana shinshina takalmin mutane. Can Alhaji Tanko ya sa bakin sandarsa ya tura mabuɗin, ya ƙara turawa, har ya taɓa gwiwar Malam Habu.

"Hatsina dai bai dawo ba," in ji shi. "Maganar iyaka kuma tana nan."

"Tana nan," in ji Malam Habu. Ya ɗauka.

Da zan tafi na ce masa akwai sabon aplikasiyon, zan yi magana a mayar masa da salula. Ya ce a kai kasuwa, a ba mai ƙuruciya. Ya karɓi ta hannuna, ya warware robar, murfin ya faɗi a rairayi. Ya miƙo mini robar.

"Riƙe, Malam Haro. Kai ta fi yi wa amfani."

Proje bai sake kirana ba. Wasu proje biyu da muka fara magana su ma suka yi shiru, masu biro kuwa tare suke shan shayi. Shekarar nan kaf na koma canja gilashi da liƙa wurin sharji. Na ji an nuna aikin layukan nan a wani taro a Yamai, an tafa wa Mushe Kadri. Ban je ba, ba a gayyace ni ba.

Ku masu kwana uku, in kun dawo kada ku buɗe mini ordinater. Ku sa abin naku a salula ku miƙo. Ba zan duba launi ba, ba zan duba hoto ba. Robar tana nan a kan ƙusa, sau biyu ake naɗa ta.